Ɗauri Biyu

Ƙanina yana da shagon gyaran waya a Kumo. Idan ka same shi a bayan teburinsa, da 'yar fitila ɗaure a goshi yana tonon cikin waya, ba za ka ce wani abu ya taɓa samunsa ba. Sai an kira salla ya jawo ƙafar robar da ya jingine a gefe, ya zura dungun a ciki ya ja maɗauri, sannan za ka gane. Duk wanda ya tambaye shi yakan ce maciji ne ya sare shi yana yaro. Bai yi ƙarya ba. Sai dai macijin ya yi nasa ne, ni kuma na ƙarasa.

Ina da shekara 17 a lokacin, shi yana da 11. Auta muke ce masa, har yau da yake da 'ya'ya uku. Kaka ce, an gama cirar gyaɗa a gonarmu ta jeji, can nesa da ƙauyenmu a yankin Pindiga, Baba ya tafi cin kasuwa ya bar mu mu kwashe harawar da ta kwana biyu a tare. Wanda ya san ƙasarmu ya san ƙarƙashin tarin harawa nan ne ɗakin kububuwa. Ɓeraye suna bin gyaɗa, ita tana bin ɓeraye. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika wuce kamu guda ba, kalarta kalar ƙasa, ka taka ta ma kafin ka gan ta. Idan ta fusata takan naɗe ta riƙa goga jikinta da jikinta, sai ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Na ji sautin nan sarai. Kafin in ce "Auta, ja da baya," ya riga ya ƙwalla ƙara.

Saman idon sawu ta same shi, ƙafar hagu. Silifas ne a ƙafarsa.

Abin da na yi daga nan, babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini, kuma babu yaron ƙauyenmu da bai san shi ba. Na ruga wurin keke na warware robar tiyub da muke ɗaure kaya da ita, na naɗa masa ƙasa da gwiwa, zagaye uku, na ja da iya ƙarfina har robar ta nutse cikin nama. Na ciro rezar da nake yanke farce da ita na yi masa tsaga huɗu a bakin saran, na kafa baki na tsotsa na tofar, na tsotsa na tofar. Sannan na ɗora shi a keke. Inda yashi ya yi yawa keken ya ƙi tafiya, na sauke shi na ce ya daure ya taka. Ya taka kuwa, yana ɗingishi yana kuka, har muka fita daga rafin.

A gida aka kira mai maganin maciji. Ba a ambatar sunan abin a gaban wanda ya sara, igiyar ƙasa ake cewa. Dattijon ya duba ƙafar, ya taɓa robar ya ji ta tsam, ya ɗago kai ya ce, "Wa ya yi wannan ɗaurin?" Aka nuna ni. Ya ce, "Yaro, Allah Ya yi maka albarka, ka tare dafin." Ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar ranar ba. Ya ba Auta wani jiƙo da ya sa shi amai, ya manna baƙin dutse a kan tsagar, ya ce kada kowa ya kuskura ya kwance robar sai dutsen ya gama zuƙe dafin ya faɗi da kansa.

Daren nan ni na kwana da shi. Yana ta cewa, "Yaya, ka kwance mini. Don Allah Yaya, ƙafata za ta fashe." Duk sanda ya kai hannu wurin robar sai in riƙe hannun in mayar. Ina lallashinsa, ina ce masa idan aka kwance dafin zai hau zuciya. Can wajen asuba ya yi shiru, ya ce ya daina jin zafin, ƙafar ma gaba ɗaya ba ya jin ta. Na fita na gaya wa Inna, muka yi ta hamdala.

Da gari ya waye muka ga jini a matashin kansa. Daga dasashinsa yake fitowa. Tsagar da na yi masa tana ta tsiyaya kamar yanzu aka yi ta, wani tsohon miki a gwiwar hannunsa da ya riga ya kama ɓawo ya buɗe, fitsarinsa ya koma ja. Mai magani ya ce dafin ne ke fita. Inna ba mai musu da maza ba ce, amma ranar ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin turakar Baba ta ce, "Malam, ko ka nemo mota, ko in goya shi in kama hanya."

A-kori-kura muka samu zuwa Kumo, daga nan muka bi ta Billiri zuwa Kaltungo, inda asibitin saran maciji yake. Ba mu isa ba sai bayan azahar. Wata nas ta ɗebi jininsa ta zuba a 'yar kwalbar gilashi, ta ajiye ta duba agogo, ta ce kada a taɓa. Da minti 20 ya cika ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro tsululu kamar zoɓo. Aikin kububuwa ke nan: dafinta yana cinye abin da ke sa jini ya daskare, mutum ya yi ta zuba ta ciki da waje, wani sai bayan kwanaki ya faɗi, ana ganin ya warke. Aka sa masa allurar kashe dafi ta jijiya, sannan suka sassauta robar a hankali. Bayan awa 6 aka sake gwajin kwalbar, wannan karon jinin ya zama guda. Dasashin ya daina zuba. Daga baya ne na ji cewa maganin nan, EchiTAb, macizan ƙasarmu aka kama aka kai Liverpool ta Ingila aka tatsi dafinsu aka yi amfani da shi wajen haɗa maganin. Abin da ke ƙarƙashin harawarmu ya je Turai ya dawo a kwalba.

Likitan da ya duba ƙafar ya daɗe yana kallon yatsun. Sun yi baƙi, sun yi sanyi, ya soka musu tsinin allura Auta bai motsa ba. Ya ce, "Wa ya ɗaure?" Na matso gaba, har yanzu da sauran yabon jiya a kaina, na ce ni ne. Ya ce tun yaushe. Na ce tun jiya da hantsi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Dafin muna da maganinsa. Naman da ya wuni ya kwana babu jini, wannan kam ba mu da."

Bayan kwanaki aka tura mu babban asibiti a Gombe, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Babu wanda ya ɗora mini laifi a gidanmu. Ƙaddara aka ce, ni ma na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma na san hannun da ya ja robar, kuma na san hannun da ya riƙa ture nasa hannun cikin dare. Shekaru na yi ba na iya kallonsa idan yana alwala.

Na gama makaranta, na samu koyarwa a firamare, na shiga 'yan agajin masallacinmu. In faɗi gaskiya, kakin da usur ne suka ja ni, aikinmu bai wuce daidaita sahu ranar idi da tare hanya ranar Juma'a ba. Wata shekara sai Red Cross ta shirya horon taimakon gaggawa na 'yan kwanaki, aka gayyato 'yan agaji da malaman makaranta da 'yan acaɓa da 'yan banga. Na je ne don an ce akwai takardar shaida.

Malaminmu wani tsohon ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, siriri, mai yawan barkwanci. Ranar farko ya ce kowa ya faɗi abin da ake sa wa ciwo a garinsu, yana rubutawa a allo. Ƙasa. Toka. Kashin shanu. Man birki. Fetur. Garin batir. Yanar gizo. Da aka zo ƙuna aka ƙara ɗanyen ƙwai da manja da man goge baki. Allon ya cika taf. Ya ɗauki tsumma ya goge duka, ya ciro ledar fiya wata da guntun sabulu daga aljihu ya ɗora a tebur, ya ce, "Ga asibitin jeji." Ciwo a wanke da ruwa mai tsabta a rufe, a nemi allurar tetanus. Ƙuna a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi har minti 20. Wani ɗan acaɓa ya ce shi man birki ya taɓa tsayar masa da jini. Malam ya ce, "Ai jinin da ma zai tsaya, kai dai ka ƙara masa zafi ne da datti."

Ya koya mana cewa kafin ka taɓa kowa ka tsaya cak ka duba ko abin da ya kayar da shi yana nan yana jiranka. In babu safar hannu, ka zura leda. Mun koyi danna ƙirji a kan mutum-mutumin roba, 30 sannan hura numfashi 2. Mun koyi kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, da tallafe karaya da karan dawa ko sandar makiyayi ba tare da an ja ƙashin ba, da haɗa ruwan gishiri da sukari: lita guda, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk waɗannan na rubuta su a littafi ina jin daɗi.

Rana ta uku aka zo saran maciji. Ya ce kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a sa dutse, kada a ba da abin amai, kada a bar mutum ya taka da ƙafarsa. Tamkar yana wurin ranar yana kallona, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda na tsallake. Na miƙe na fita.

Ƙarƙashin darbejiya ya same ni lokacin hutu. Ya zauna a kan tushenta, na ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba daga farko har ƙarshe. Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Ɗana, na yi shekaru a ɗakin marasa lafiya, irin ɗaurinka na kwance ba adadi. Duk wanda ya yi shi masoyi ne. Maƙiyi ba ya tsotsar ƙafar mutum." Ya yi mini bayanin abin da ya sa: motsin tsoka ne ke tura dafi ya bazu a jiki, shi ya sa ake so a kwantar da mutum, a tallafe gaɓar da sanda kamar karaya, a cire zobe ko munduwa kafin kumburi, a ɗauke shi cak zuwa inda allura take. Ɗauri kuwa yana tara dafin wuri guda ya ci naman, ya kuma hana jini zuwa. Tsaga ga wanda jininsa ya daina daskarewa buɗe famfo ne. Ko maganin ciwo ma, farasitamol kaɗai, ban da asfirin da danginsa masu tsinka jini. Garin neman gira, in ji shi, haka ake rasa ido.

Washegari kuma sai ga shi da ƙyalle da guntun sanda, wai zai koya mana ɗauri. Na ce Malam, jiya fa ka hana. Ya ce jiya maciji ne, yau maganar jinin da ke tsartuwa ake yi. Idan babbar jijiya ta yanke a hannu ko ƙafa, ka danna da iya ƙarfinka ya ƙi tsayawa, mutum yana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, a nan ɗauri shi ne rai. Amma da ƙyalle mai faɗi, ba igiya ko roba ba. Sama da ciwon kamar yatsa uku, ba a kan gaɓa ba. A murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokaci, kada a sassauta a hanya, a yi gudu a kai asibiti, don idan ya haura awa 2 naman yana fara shiga haɗari. Kowa ya gwada a hannun abokinsa. Da aka zo kaina na ce a tsallake ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Malam ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini nasa hannun ya ce, "A nan za ka yi." Na yi, hannuna yana rawa.

Tun daga nan ba na shiga jeji sai da 'yar jaka: bandeji, sabulu, almakashi, safar hannu, biro, farasitamol, da tsohon zanin Inna da na yayyanka. Yawancin abin da nake tararwa ƙanana ne, yankan lauje, harbin kunama, yaro ya faɗo daga tsamiya, wata mata da gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido muka ƙarar da jarkar ruwa guda muna wanke mata kafin a kai ta asibiti. Aikin hannu ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne jama'a, domin a jeji kowa likita ne, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ake bi.

Akwai wani ɗan makiyayi da kububuwa ta sara a ƙafa kusa da gonarmu. Na iske mahaifinsa ya riga ya warware igiyar shanu. Na ce, "Baffa, don girman Allah ka dakata." Ya ce shi ya girme ni, ya ga saran maciji kafin a haife ni. Gardama ba za ta kai mu ko'ina ba, sai na ciro waya na nuna masa hoton Auta zaune a tabarma babu ƙafar roba. Na ce wannan ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na ɗaure shi. Ya kalli hoton, ya kalli ɗansa, ya saki igiyar. Muka cire wa yaron abin da ke ɗaure a ƙafarsa, muka tallafe ta da sandar kiwonsa, na zana layi da biro inda kumburin ya tsaya na rubuta lokaci, na hana samarin da suka bazama neman macijin, muka ɗora shi a babur mutum ɗaya yana riƙe da shi ta baya sai Kaltungo. Da ƙafarsa ya dawo ruga. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, waɗanda yake bari da yankakkiyar gaɓa ko wata nakasa kuma sun kai ninki uku na haka. Idan na ga wannan lissafin, ninki ukun nake kallo.

Ranar da na fi tsoro kuwa ba ta zo da maciji ba.

Lokacin sharar gona ne, maƙwabcin gonata yana sassabe. Gatari ya goce daga kututture ya same shi a ƙwauri ta ciki. Ihun matarsa na ji. Da na isa na ga jini yana tsartuwa ja wur, yana bin bugun zuciya, ƙasar wurin har ta yi caɓi. Na kwantar da shi, na dunƙule zanin jakata na cusa a ciwon na danna da hannu biyu, na ɗora nauyina gaba ɗaya. Ya jiƙe sharkaf. Na ɗora wani a kai ban cire na farko ba. Shi ma ya jiƙe, jinin yana bi ta tsakanin yatsuna. Leɓensa ya fara fari, yana gumi mai sanyi, yana cewa a ba shi ruwa. Daga inda muke zuwa titi akwai tafiya.

Na san abin da ya rage. Na ce wa matarsa ta danna inda nake dannawa, na naɗe ƙyalle faɗin yatsa huɗu, na zagaya shi sama da ciwon. Sai da na ƙulla na lura inda hannuna yake: ƙasa da gwiwa, daidai wurin. Na yi bisimilla na zura ƙotar lauje na fara murɗawa. Ya yi wata ƙara da har yau nake ji. A murɗa ta huɗu tsartuwar ta tsaya. Na ɗaure ƙotar don kada ta warware, na duba waya, na rubuta 10:40 da biro a cinyarsa da manyan baƙi.

A kan babur, ina zaune a baya na rungume shi, sai ya fara: "Malam, ka kwance mini. Don Allah ka sassauta ko kaɗan ne, ƙafata za ta fashe." Kalmomin nan dai, babu ragi. Ya kai hannu, na riƙe hannun na mayar. Hawaye nake yi, ɗan acaɓan yana zaton iska ce. Ban daina duba agogo ba, kowane rami da muka faɗa sai in duba ko jinin ya dawo. Ƙarfe 12 da minti 5 muka shiga asibiti. Nas ɗin da ta tarbe mu ta ga rubutun cinyarsa, ta duba nata agogon, ta ce a wuce da shi tiyata yanzu. Ba ta tambayi wanda ya ɗaure ba, ni ma ban matso gaba ba.

An ɗinke jijiyar, an yi masa ƙarin jini leda biyu. Yana ɗan ɗingishi, amma bana ma shi ya riga ni gama noman farko.

Bayan wannan da 'yan kwanaki na je Kumo. Na zauna a bencin shagon Auta har masu karɓar waya suka ragu, na ba shi labarin gatarin. Daga nan na ce akwai maganar da na daɗe ina so in gaya masa game da ƙafarsa, cewa ba dafin ne ya ci ta ba.

Bai ɗago kai daga wayar da yake gyarawa ba. Ya ce, "Yaya, ai ina jinku ranar da likitan ya faɗa. Idona ne kawai a rufe."

Na rasa abin cewa. Ya hura ƙurar da ke cikin wayar, ya mayar da murfinta, ya kunna ta ta kawo haske. Sannan ya ce, "Bana babban yarona zai bi ku cirar gyaɗa. Ka nemo masa dogon takalmin roba a Gombe, na nan ba su da ƙwari. Lamba 36."